Jagorar Binciken Abokin Hamayya: Yadda Ake Tantance Sabon Ɗan Takarar Majalisar Wakilai a Mazaɓun Boɗinga da Shagari

Binciken abokin hamayya shi ne aikin tattara sahihan bayanai game da mutumin da ke neman kujerar siyasa, a tantance su ɗaya bayan ɗaya, sannan a tsara su yadda jam'iyya ko lauya ko ɗan jarida zai dogara da su ba tare da fargabar a ƙaryata shi ba. Aikin yana da sauƙi idan ɗan takarar tsohon ɗan majalisa ne, domin ƙudurorin da ya gabatar da ayyukan mazaɓa da aka danganta masa duk suna rubuce. Yana tsananta ne idan mutum bai taɓa tsayawa takara ba, kamar ɗan kasuwar da ya daɗe a Abuja ko Legas, ko ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki, wanda mutanen mazaɓa suka san gidansu amma ba su san yadda ya yi shekarunsa na girma ba.

Ƙaramar hukumar Boɗinga tana cikin mazaɓar tarayya ɗaya da Dange-Shuni da Tureta, Shagari kuwa tana tare da Yabo, kuma kowace mazaɓa tana tura wakili guda cikin 11 da Jihar Sakkwato ke da su a Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Zaɓe a wannan yanki ba ya ƙarewa a ranar jefa ƙuri'a, domin zaɓen majalisun tarayya na 25 ga Fabrairun 2023 bai kammalu a jihar ba sai da aka yi na cike giɓi a ranar 15 ga Afrilu, sannan mazaɓar Yabo da Shagari ta sake komawa wasu rumfuna a Fabrairun 2024 bisa umarnin kotu. Inda ƙuri'u kaɗan da takardun shari'a ke raba gardama, bayani ɗaya tabbatacce yana da nauyi, bayani ɗaya na ƙarya kuma yana iya rusa amincin duk wanda ya yaɗa shi.

An rubuta wannan jagora ne saboda kurakuran da matasan da ake ɗora wa wannan aiki suke maimaitawa a kowace kakar zaɓe, wato tattara jita-jitar majalisar hira a kira ta bincike, da karkata zuwa ga asalin mutum da iyalinsa, da fara aiki bayan wa'adin kotu ya wuce, da gaggawar wallafa zargi a Facebook kafin takarda ta zo hannu. Ka'idar da jagorar ta ginu a kanta ita ce, aikin mai bincike shi ne gwada abin da ɗan takara ya rantse a kansa da abin da ya faɗa wa jama'a da takardun asali, kuma duk abin da ya kasa tabbata a ajiye shi komai daɗinsa a kunne. Rashin shahara ba aibi ba ne, tunda Alhaji Shehu Shagari malamin makaranta ne lokacin da ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, kuma daga baya ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, don haka mai bincike na gaskiya yana shiga aikin ne da shirin karɓar duk abin da takardu suka nuna, ko da sun wanke wanda ake bincika.

Abubuwan da ake buƙata

Mai bincike yana buƙatar Kundin Tsarin Mulkin 1999 tare da gyare-gyarensa, da dokar zaɓen da ke aiki a lokacin, da jadawalin da Hukumar Zaɓe mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, ta fitar. Misalan da ke cikin wannan jagora daga dokar zaɓe ta 2022 suke, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, kuma tunda Majalisar Tarayya takan yi wa dokar kwaskwarima kafin manyan zaɓuka, wajibi ne a duba lambar sashe da adadin kwanaki a sabon bugu kafin a dogara da su. Yana kuma buƙatar lauyan da ya san shari'ar zaɓe, da kuɗin biyan kwafin takardu da na mota, da littafi mai ɗaurarrun shafuka da zai riƙa rubuta ranar da ya sami kowane bayani da wurin da ya samo shi, da waya mai kyamara mai kyau, da ma'aji biyu na ajiye kwafi, ɗaya a kwamfuta ɗaya a takarda. Mutum biyu sun fi ɗaya, ɗaya ya tattara ɗaya ya yi ƙoƙarin rushe abin da aka tattara, domin wanda ya sha wahalar nemo bayani yakan so ya zama gaskiya.

Mataki na 1: Sanin abin da doka ta ɗauka aibi

Sashe na 65 na Kundin Tsarin Mulki ya shardanta cewa mai neman kujerar Majalisar Wakilai ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekara 25 tun bayan gyaran da aka sa wa hannu a watan Mayun 2018 wanda ya rage ta daga 30, ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Sashe na 66 ya lissafa abubuwan da ke hana takara, cikinsu akwai hukuncin kotu kan laifin rashin gaskiya ko saɓa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata a cikin shekara 10 kafin zaɓe, da karayar arzikin da kotu ta ayyana ba a sallame shi daga gare ta ba, da kasancewa ma'aikacin gwamnati wanda bai ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe ba, da zama ɗan ƙungiyar asiri, da miƙa wa INEC takardar shaida ta jabu.

Amfanin fara aiki da wannan mataki shi ne rarrabe abin da kotu za ta saurara da abin da masu zaɓe kaɗai za su auna. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar faɗuwa jarrabawa a matsayin hujjar soke takara, alhali sashe na 318 ya faɗaɗa ma'anar matakin sakandare har ya haɗa da takardar malanta mai daraja ta biyu, da shaidar kammala firamare idan aka haɗa ta da aikin shekara 10 da wasu sharuɗɗa. Haka nan kundin bai shardanta wa ɗan majalisa zama ɗan asalin mazaɓar ba, kuma kotuna sun sha bayyana cewa wanda aka haifa ɗan Nijeriya ba ya rasa damar takara don ya riƙe fasfo na wata ƙasa.

Mataki na 2: Karɓo takardun da ya rantse a kansu

Kowane ɗan takara yana cike fom mai lamba EC9, inda yake bayyana sunansa da ranar haihuwa da makarantun da ya yi da ayyukan da ya riƙe, ya rantse a kai a kotu, ya haɗa da kwafin takardunsa. Sashe na 29 na dokar 2022 ya wajabta wa INEC ta liƙa waɗannan bayanai a mazaɓar cikin kwana 7 da karɓarsu, kuma ya ba kowane mutum damar neman kwafinsu, a ba shi cikin kwana 14 bayan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. Ya kamata mai bincike ya je ofishin hukumar na Boɗinga ko na Shagari tun ranar da aka liƙa su ya ɗauki hoton kowane shafi, sannan lauya ya rubuta wa hukumar yana neman kwafi mai hatimin tabbatarwa, wato wanda jami'in da ke riƙe da asalin takardar ya sa wa hannu da hatimi cewa daidai yake da ita. Dalili shi ne Dokar Shaida ta 2011 ba ta karɓar kwafin takardar hukuma sai irin wannan, saboda haka hoton waya yana shiryar da mai bincike ne kawai, ba ya tsayawa a gaban alƙali. Idan mutumin ya taɓa neman kansila ko shugabancin ƙaramar hukuma, a nemi takardun da ya miƙa wa hukumar zaɓen jiha, domin saɓani tsakanin rantsuwa biyu na mutum ɗaya yana cikin hujjoji mafi ƙarfi.

Mataki na 3: Jera rayuwarsa shekara bayan shekara

A ɗauki babbar takarda a raba ta gida huɗu, shekara da abin da ya ce yana yi a cikinta da inda ya faɗi hakan da takardar da ta tabbatar, a fara daga haihuwa har zuwa ranar da ya yanki fom. Wannan jeri shi ne ƙashin bayan binciken sabon ɗan takara, domin shi ke fito da abin da ido ba ya gani idan takardu suna warwatse, kamar mutumin da lissafi ya nuna ya gama firamare yana shekara 6, ko wanda yake karatun digiri na cikakken lokaci a wata jiha a daidai shekarun da yake karɓar albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Giɓi a cikin jerin tambaya ce da ke neman amsa, kuma bai halatta a cike shi da zato ba, tunda shekarun da babu takarda a kansu suna iya zama na karatun allo da zaure, ko na fatauci, ko na jinya.

Mataki na 4: Tantance karatu da shekaru da suna

Kowace takardar shaida ana tabbatar da ita ne daga hukumar da ta bayar da ita, ko WAEC ce ko NECO ko hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, wato NBAIS, ko ofishin magatakardan jami'a ko kwaleji, kuma a rubuce ake tambaya domin a sami amsa a rubuce. Sanin tarihin hukumomi yana taimakawa ƙwarai. An kafa NECO a 1999 kuma ta fara jarrabawar kammala sakandare a 2000, an ƙirƙiri Jihar Sakkwato a 1976 daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, an cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, sannan Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975 ba ta koma Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba sai a 1988. Takardar da ke ɗauke da sunan hukuma kafin a haifi hukumar abar tuhuma ce, sai dai a lura cewa wanda ya ɓatar da takardarsa yakan karɓi sabuwa mai sabon suna, don haka a duba ranar bayarwa kafin a yanke hukunci.

Misalin da ya fi dacewa da wannan mataki shi ne na Salisu Buhari daga Kano, wanda ya shiga Majalisar Wakilai a karon farko a 1999 har ya zama kakakinta, sai mujallar TheNews ta bayyana cewa bai yi karatu a Jami'ar Toronto ta Kanada ba kamar yadda ya yi iƙirari, kuma bai kai shekara 30 da doka ta nema a lokacin ba, ya sauka a watan Yulin shekarar, Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi. Tuntuɓar jami'ar ce ta warware maganar, kuma abu ne da abokan takararsa za su iya yi tun kafin zaɓe. Irin haka ta faru a Amurka, inda aka zaɓi George Santos a Nuwambar 2022, jaridar New York Times ta fallasa ƙaryarsa kan karatu da wuraren aiki a Disamba bayan an gama zaɓe, majalisa ba ta kore shi ba sai a Disambar 2023.

Batun suna yana buƙatar natsuwa ta musamman. A ranar 13 ga Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa, ana gobe rantsar da shi, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa, kuma tun daga nan masu bincike suke ɗokin kama kowane bambancin harafi. A ƙasar Hausa kuwa abu ne sananne yaro ya shiga firamare da sunan mahaifinsa, ya gama sakandare da sunan garinsu, a rubuta Muhammadu a wata takarda a rubuta Mamman a wata, kuma yawancin waɗanda aka haifa a ƙauye takardar rantsuwar shekaru suke da ita a madadin ta haihuwa. Abin da ake nema shi ne ko takardun na mutum ɗaya ne, wanda rajistar shiga makaranta da hoton jarrabawa da shaidar 'yan ajinsu za su nuna.

Mataki na 5: Bin sawun aiki da kamfani da shari'a

Idan ma'aikacin gwamnati ne, a nemi ranar da aka karɓi takardar ajiye aikinsa da watan da aka tsayar da albashinsa. Idan ɗan kasuwa ne, a bincika sunan kamfaninsa a shafin Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC, a biya kuɗin rahoton da ke nuna daraktoci da masu hannun jari, tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana masu iko na haƙiƙa da kowane kamfani. Daga nan a nemi sunan kamfanin a shafin bayyana kuɗaɗen baitulmali da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a Disambar 2019, da rahotannin bin diddigin ayyukan mazaɓu na hukumar ICPC da na shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

Takarda ba ta wadatar a nan. Idan ta nuna an biya kamfanin kuɗin rijiyar burtsatse a Danchadi ko ajujuwa a Kajiji, sai an je wurin an gani an ɗauki hoto mai kwanan wata, domin gani ya kori ji. A kuma tambayi hukumar da ta ba da aikin nawa aka saki daga cikin kuɗin, saboda sau da yawa aiki yana tsayawa ne don gwamnati ba ta biya ba, kuma ɗora wa ɗan kwangila laifin da ba nasa ba zalunci ne da za a iya rushewa da rasit ɗaya. A ɓangaren shari'a, a bincika rajistar Babbar Kotun Jiha da Babbar Kotun Tarayya da ke Sakkwato da kotunan majistare da na shari'ar Musulunci, da na garin da ya yi zama, a riƙe bambanci tsakanin ƙorafi da gayyatar 'yan sanda ko EFCC da gurfanarwa da hukunci, domin na ƙarshen ne kaɗai ke hana takara.

Mataki na 6: Gano yadda ya sami takara da waɗanda ke bayansa

Sabon ɗan takara ba kasafai yake tsayawa da ƙafarsa ba, kuma masu zaɓe suna da haƙƙin sanin ubangidan da ya ɗauko shi da mai biyan kuɗin motocin yaƙin neman zaɓensa, domin su ne za su fi samun kunnensa idan ya isa Abuja. A nemi rahoton jami'an INEC da suka sa ido a zaɓen fid da gwani, a gano ko daliget ne suka zaɓe shi ko sasanci aka yi ko ɗauki-ɗora. Dokar 2022 ta ƙayyade Naira miliyan 70 a matsayin iyakar abin da mai neman wannan kujera zai kashe, da miliyan 50 a matsayin iyakar gudummawar mutum ɗaya. Sai dai a sani cewa rikicin fid da gwani na 'yan jam'iyyar ne, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 24 ga Mayun 2019 da ya ƙwace dukkan kujerun APC a Zamfara daga ƙarar 'yan cikin jam'iyyar ya samo asali. Yana da amfani kuma a sauke sakamakon zaɓen da ya gabata rumfa-rumfa daga shafin IReV na hukumar zaɓe, a ga inda jam'iyyarsa ke da ƙarfi tsakanin Sifawa da Dingyaɗi ko tsakanin Dandin Mahe da Jaredi, domin a san inda bayani zai yi tasiri.

Mataki na 7: Adana abin da ya faɗa a bainar jama'a

Hirarrakinsa a Rediyon Rima ko Vision FM ko Garkuwa FM, da jawabansa a taruka, da rubuce-rubucensa a Facebook da X, su ne ke maye gurbin tarihin majalisa da ba shi da shi. A adana su da wuri, domin da zarar mutum ya sami takara akan share tsofaffin rubuce-rubuce. Kowane hoton allo ya nuna adireshin shafin da kwanan wata, a ajiye shafin a ma'ajiyar Wayback Machine, a riƙe cikakkiyar murya ko bidiyo ba guntu ba, a rubuta wayar ko kwamfutar da aka ɗauka da ita, tunda sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman bayanin na'urar da ta fitar da shaidar. Haɗari biyu ne a nan, shafin bogi da wani ya buɗe da sunansa, da muryar da aka yanke ko aka ƙirƙira da na'ura ana yawo da ita a WhatsApp. Duk abin da ba a gano wanda ya fara ɗaukarsa da wurin da aka ɗauka ba, ba ya shiga rahoto.

Mataki na 8: Sauraron mutane

A garuruwa irin Boɗinga da Shagari, abin da tsofaffin malamansa da 'yan ajinsu da abokan kasuwancinsa da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa suka sani ya fi abin da ke intanet yawa. Mai bincike ya gabatar da kansa da sunansa na gaskiya, ya faɗi wanda yake yi wa aiki, ya nemi izini kafin ya naɗi murya, kada kuma ya sayi labari, domin wanda aka biya zai ƙara gishiri gwargwadon kuɗin. Kada ya jefa uban ƙasa ko maigari ko limami cikin lamarin, saboda matsayinsu na iyayen kowa ne. A kan kowane mai ba da labari a yi tambayoyi uku, shin da idonsa ya gani ko ji ya yi, wace alaƙa ko ƙullalliya ce tsakaninsa da ɗan takarar, kuma wa zai iya tabbatar da maganarsa ba tare da sun haɗa baki ba. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a yankin da Shehu Usmanu Danfodiyo ya zauna yana karantarwa a Sifawa, ƙaninsa Abdullahi kuma a Boɗinga, domin malaman hadisi sun daɗe da kafa ilimin auna masu ruwaya kafin a karɓi abin da suka ruwaito. Saboda matsalar 'yan bindiga a wasu sassan jihar, a yi tafiyar ƙauye da rana, tare da ɗan gari, bayan an sanar da wani inda aka nufa.

Mataki na 9: Auna hujjoji da rubuta rahoto

A raba abin da aka samu kashi uku. Na farko shi ne tabbatacce, wanda takarda mai hatimi ko shaidu biyu masu zaman kansu suka goyi bayansa. Na biyu shi ne mai alama, wanda ke buƙatar ƙarin aiki kuma ba ya fita daga hannun mai bincike da lauya. Na uku shi ne jita-jita, wadda ake rubutawa kawai don a san an bi ta ba a sami komai ba. Rahoton ya zama gajere, kowace magana da lambar takardar da ke tabbatar da ita, cikin lafazin da bai wuce hujja ba, wato idan jami'a ta ce ba ta ga sunansa a rajistar wata shekara ba, haka za a rubuta, ba za a rubuta cewa ya yi jabu ba sai an kawar da yiwuwar kuskuren shekara ko na suna. Zargin jabu zargin laifi ne, kuma kotu tana neman a tabbatar da shi ba tare da wata shakka mai ma'ana ba. Rahoton ya ƙunshi kyawawan ayyukan mutumin da ƙarfinsa, domin jam'iyyar da aka ɓoye wa cewa abokin hamayyarta ya shekara goma yana biya wa marayu kuɗin makaranta za ta sha mamaki a ranar zaɓe. Kafin a miƙa shi kuma, a bi ɗan takarar gida da waɗannan matakai guda tara, tunda duk tambayar da aka yi wa wani za a juyo da ita.

Mataki na 10: Zaɓen hanyar amfani da sakamako

Hanya ta farko ita ce kotu, kuma lokaci ne ke mulkinta. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da kwana 14 kacal don shigar da ƙarar gabanin zaɓe daga ranar da abin ya faru, kuma dokar 2022 ta taƙaita ƙarar bayanan ƙarya a Babbar Kotun Tarayya ga wanda ya shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyar. A ƙarƙashin dokar 2022, ɗan takarar wata jam'iyya yana kai batun rashin cancanta ne gaban kotun sauraren ƙararrakin zaɓe cikin kwana 21 da bayyana sakamako, ita kuma ta yanke hukunci cikin kwana 180, kuma a kujerun majalisa maganar tana ƙarewa a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Hanya ta biyu ita ce miƙa takardun ga ɗan jarida mai zaman kansa wanda zai sake tantancewa ya kuma ji ta bakin wanda ake zargi. Ta uku ita ce yi wa ɗan takarar tambaya a fili, a rediyo ko a muhawara, a bar jama'a su auna amsarsa. Ba a miƙa rahoto ga sojojin baka ko 'yan soshiyal midiya su yi yadda suka ga dama da shi, kuma ba a kai shi wurin ɗan takarar a ɓoye don a tilasta masa janyewa ko a karɓi wani abu, domin wannan laifi ne.

Iyakokin da ba a ƙetarewa

Yarfen siyasa da bincike ba sa haɗuwa a hannu ɗaya. Matan ɗan takara da 'ya'yansa da rashin lafiyarsa da asalin kakanninsa ba sa cikin aikin, kuma sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Jifan mutum da cewa ɗan Nijar ne ba tare da hujja ba yana raba zumuntar da ta girmi iyakar ƙasashen biyu. Kutse cikin waya ko asusun banki, da sayen bayanan asibiti ko na katin ɗan ƙasa daga ma'aikaci, sun saɓa wa dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod, ƙazafi kuma yana da haddi na bulala 80 a shari'ar Musulunci da jihar ke aiki da ita tun 2000, sannan dokar zaɓe ta hana zagi da tunzura jama'a ta hanyar addini ko ƙabila, ta kuma hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada.

Suratul Hujurati ta yi umarni da tantance labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana leƙen asiri da giba, yayin da Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wuraren da ambaton aibin mutum ke halatta, cikinsu har da gargaɗin jama'a game da wanda za a ba amana. Mizanin da mai bincike zai riƙe ya fito daga nan, wato aibin ya zama gaskiya, ya shafi amanar da mutumin ke nema, kuma a faɗe shi gwargwadon buƙata. Wanda za a zaɓa zai yi shekara huɗu yana sa hannu a kasafin kuɗin ƙasa da dokokinta da sunan manoma da makiyaya da 'yan kasuwar waɗannan ƙananan hukumomi, don haka suna da haƙƙin sanin ko wane ne shi kafin su jefa ƙuri'a, shi kuma yana da haƙƙin kada a faɗi a kansa abin da ba a tabbatar ba.